"Lo Karan": Abin da Waya Ke Ci Kafin Wuta Ta Iso Ɗakinka

Duk wanda ya zauna a sababbin unguwannin da ke bayan ganuwar Katsina ya san wannan lokacin. Watan Afrilu ne, an idar da sallar Magariba, kwano bai huce ba, ga wuta an kawo tun La'asar ana ta murna. Sai fanka ta fara juyi kamar wadda aka sa dole. Ƙwan fitila irin na da ya koma ja, na zamani ya hau ƙyafta ido. Firji ya yi gurnani ya yi shiru, ya sake yunƙurawa ya sake yin shiru. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, yau ma lo karan ce, a kashe firjin nan kada ya ƙone." Ka fito ƙofar gida shan iska, ka hango gidajen da ke gindin taransifoma, wutarsu tar. Taransifomarku ɗaya, layinku ɗaya, kuɗin da mitar wuta ke cire muku ɗaya. Abin da ya raba ku da su bai wuce 'yan ɗaruruwan mitoci na waya ba.

Mu a nan ba mu ɗauki waya a bakin komai ba. Mai gini zai kwana yana tunanin tayil da fenti da ƙofar get, ya zagaya shaguna uku kafin ya zaɓi labule. Da an zo kan wayarin sai ya ce wa mai aikin, "Ka samo mai sauƙi, ai cikin bango za a binne ta." A ganinsa waya kamar igiya ce, in dai ta kai daga nan zuwa can to magana ta ƙare. Alhali waya tana cin rabonta daga duk wutar da ta bi ta cikinta, kuma tun ranar da aka sayo ta aka yanke yawan abin da za ta riƙa ci.

Abubuwa uku ne ke aiki a cikin kowace waya, mu kuma mun haɗe su da kalma ɗaya, "wuta". Na farko shi ne turi, ƙarfin da ke ingiza wutar, wanda ake aunawa da bolt. A gidajenmu ya kamata ya kasance wajen bolt 230. Na biyu kwarara, wato yawan wutar da ke wucewa a kowace daƙiƙa, ma'auninta amfiya, ita ce masu gyara ke kira karan. Na uku turjiya, wato yadda wayar ke cijewa tana hana wutar wucewa, ma'auninta om. Ɗauki ruwan famfo da ake turowa gari daga madatsar Ajiwa: ƙarfin da injin ke tura ruwan da shi shi ne turi, yawan ruwan da ke zuba a bokiti shi ne kwarara, ƙuncin bututu da tsawonsa da tsatsar da ta taru a ciki su ne turjiya. Kowa ya san famfon ƙarshen layi ɗigo yake yi lokacin da na bakin titi ke ambaliya.

Sai dai misalin ruwa yana da inda ya tsaya. Bututu kan zama fanko sai an turo ruwa, amma waya cike take tun kafin a kawo wuta. A cikin jan ƙarfe akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ake kira ilektiron, waɗanda ba su maƙale da ƙwayar zarra ɗaya ba, yawo suke yi a sake. Turi ne ke sa su karkata gefe guda. Amfiya ɗaya na nufin ilektiron da adadinsu ya kai 6 da sifili 18 a bayanta suna wucewa ta wuri ɗaya a daƙiƙa guda. Saboda tsabar yawansu ba sa buƙatar sauri. A wayar 2.5 mai ɗauke da amfiya 10, tafiyarsu ba ta wuce kimanin mita ɗaya a awa ba, hawainiya ma ta fi su. Saƙon turin ne ke gudu kusan da saurin haske, kamar sahun mutane a ƙofar masallacin Juma'a: na baya ya tura, nan take na gaba ya ji a jikinsa. Wutar gidajenmu kuwa mai kai-komo ce, tana zuwa gaba ta dawo baya sau 50 a daƙiƙa, don haka ilektiron ɗin da ke wayar ɗakinka suna nan inda suke, kaɗawa kawai suke yi.

Wanda ya ɗaure waɗannan abubuwa uku da lissafi ɗaya shi ne Georg Simon Ohm, wani malamin makaranta Bajamushe, ɗan maƙerin makullai, a shekarar 1827. Ƙa'idarsa gajeriya ce: turin da ke zubewa a kan waya daidai yake da kwarara sau turjiya. Wajen 1840 kuma James Joule na Ingila ya nuna inda abin da ya zube yake tafiya. Zafi yake komawa. Ilektiron na kutsawa tsakanin ƙwayoyin ƙarfen da ke ta karkarwa, suna karo da su, kowane karo yana barin ɗumi. Abin lura a lissafin Joule shi ne zafin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kwarara, tsalle yake yi. Ka ninka kwarara sau biyu, zafi ya ninka sau huɗu. Ka ninka sau uku, ya ninka sau tara. Wanda ya jona dutsen guga da hita da tukunyar lantarki a soket ɗaya yana ganin abu uku ya ƙara, ita kuwa wayar nauyin tara take ji.

To me ke sa turjiyar wata waya ta fi ta wata? Tsawo da kauri su ne a gaba, kuma ba su da wuyar ganewa. Ka ninka tsawo, turjiya ta ninka. Ka ninka kauri, ta ragu da rabi. Lambobin nan da masu wayarin ke faɗa, 1.5 da 2.5 da 4 da 6, ba faɗin wayar ba ne daga gefe zuwa gefe, girman fuskar jan ƙarfen ne idan an yanke shi, a murabba'in milimita. Shi ya sa ido ke yaudarar mai saye. Wayar da aka ɗan rage wa faɗi, ragin da ido ba zai kama ba, ta yi asarar ƙarfe mai yawa. Idan aka rage faɗin da kashi 20 cikin 100, jan ƙarfen da ya tafi ya haura kashi ɗaya bisa uku. Sauran sai a cike da roba mai kauri, a hannu ka ji ta ɓul-ɓul.

Bari mu sa lamba. A ce tela ne ya ja wuta daga gida zuwa shagonsa, tazarar mita 50. Wuta zuwa take ta dawo, saboda haka mita 100 za a lissafa. Nan ma da yawa ke yin kuskure, su ƙirga zuwa su manta da dawowa. A ce kayan shagon, da dutsen guga da keken ɗinki da fanka, suna jan amfiya 10. In ya sa jan ƙarfe na gaskiya mai 2.5, turjiyar kusan om 0.7 ce, bolt 7 za su zube a hanya, wat 70 (wat shi ne ma'aunin ƙarfin wuta, turi sau kwarara) su tafi a zafi. In ya sa 1.5, turjiyar ta kai om 1.15, ya rasa bolt 11 da rabi da wat 115. In kuwa abin da aka rubuta wa 1.5 ɗin a zahiri 1 ne, to bolt 17 sun tafi, da wat 170. Wat 170 ya isa ya juya fankar sama biyu. Duk awar da yake aiki yana biyan kuɗin fanka biyu da ba ya shan iskarsu, domin mitar wuta ba ruwanta da inda wutar ta ƙare, ta dai wuce ta cikinta. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, amma wannan arahar har kuɗin wata take karɓa.

Sai irin ƙarfen. Azurfa ce ta fi kowane ƙarfe barin wuta ta wuce, jan ƙarfe na bin ta a ƙafa, sai zinariya, sai alminiyom. Alminiyom na wuce da kimanin kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya da shi zai wuce da shi, don haka sai an ƙara masa kauri da fiye da rabi kafin su yi kunnen doki. Wannan ba aibi ba ne a inda aka san da shi. Wayoyin da ke saman falwaya kusan duk alminiyom ne, saboda nauyinsa bai kai kashi ɗaya bisa uku na jan ƙarfe ba, ga sauƙin kuɗi, manyan layuka kuma ana sa musu zuciyar baƙin ƙarfe don kada su tsinke. Matsalar tana ga alminiyom ɗin da aka yi wa riga. Akwai wayar da cikinta alminiyom ne aka shafe bayanta da jan ƙarfe, ana sayar da ita da sunan jan ƙarfe zalla. A lissafin telan nan, irin wannan mai kaurin 1 za ta zubar da wajen bolt 27. Akwai ma wadda cikinta baƙin ƙarfe ne, wanda turjiyarsa ta ninka ta jan ƙarfe wajen sau shida. Gane su ba ya buƙatar zuwa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman. Kankare zare ɗaya da wuƙa, in fari ya bayyana a ciki ka gama ganewa. Kara masa ashana, alminiyom zai yi laushi ya lanƙwashe, jan ƙarfe ya tsaya. Kawo maganaɗisu kusa, in ya kama to baƙin ƙarfe ne. Sikeli ma ba ya ƙarya: mita 100 na wayar 2.5 ta gaskiya tana ɗauke da jan ƙarfen da ya haura kilo 2, ban da robar.

Kada a ɗauka turjiya abar ƙi ce a ko'ina. Dutsen guga da hita da rishon lantarki da ita suke aiki. A cikinsu akwai wata waya ta musamman, haɗin nikel da kuromiyom, mai turjiya fiye da sau 60 ta jan ƙarfe, wadda ke yin ja-wur ba ta narke ba. An sa turjiyar a wurin da ake son zafi. Abin gudu shi ne wayar cikin bango ta fara yin aikin hita.

Zafin wuri shi ma yana da hannu. Duk lokacin da ƙarfe ya ɗumama, ƙwayoyinsa na ƙara karkarwa, karo ya ƙaru. A jan ƙarfe, ƙarin digiri 10 na zafi na ƙara turjiya da kusan kashi 4 cikin 100. A ganina wannan ƙarin ba shi ne babban abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne robar da ke rufe wayar. Yawancin wayoyin gida an yi su ne don kada zafin ƙarfensu ya wuce digiri 70, kuma jadawalin da ke faɗin amfiya nawa kowace waya za ta ɗauka an gina shi ne a kan cewa zafin wurin digiri 30 ne. Katsina a Afrilu da Mayu tana haura 40 a inuwa. Tsakanin silin da kwano kuwa sai wanda ya taɓa hawa da rana zai ba da labari. Idan zafin wurin ya kai digiri 50, wayar kusan kashi 70 cikin 100 na abin da jadawali ya ce za ta iya ɗauka lafiya. A daidai wannan lokacin ne kuma kowa ke kunna duk wani abin sanyaya ɗaki da ya mallaka. Robar ba ta kamawa da wuta a rana ɗaya. Bushewa take yi, bana ta yi tauri, baɗi ta tsattsage, wata shekarar zare biyu su haɗu. Haka wayar ja-ni-nesa da aka bari a nannaɗe ana aiki da ita: zafin kowane zagaye na dafa na kusa da shi.

Akwai abu na biyar da littattafan makaranta ba su cika tsayawa a kansa ba, ni kuwa shi na fi tsoro, wato mahaɗa. Duk inda aka murɗa waya biyu aka naɗe da baƙin salatif, duk kusar soket da ba a ɗaure tamau ba, duk filogin da ke lilo a raminsa, wurin taɓawar ya zama ɗan siriri, wuta na matsuwa ta wuce ta ƙofa kamar ta kafar allura. A ce mahaɗar ta samu turjiyar rabin om kacal. Da amfiya 10, wat 50 ke nan na zafi, kwatankwacin ƙarfen da masu gyaran rediyo ke narka dalma da shi. Rabin om shi ne turjiyar mita 70 na wayar 2.5, amma a can zafin ya bazu a tsawon mita 70, nan kuwa ya taru a wurin da bai fi kan yatsa ba. Zafi ya sa ƙarfen ya yi baƙi, baƙin ya ƙara turjiya, turjiya ta ƙara zafi. Abin ya fi muni inda alminiyom ya haɗu da jan ƙarfe, kamar inda wayar da ta sauko daga falwaya ke shiga gida. Alminiyom na yin wata fata a bayansa da zarar ya sha iska, fatar kuma ba ta wuce da wuta. Ga shi ya fi jan ƙarfe buɗewa in ya ji zafi, kullum yana kumbura yana saɓewa har kusar ta saki. In damina ta zo, laima ta shiga tsakani, ƙarfen biyu su fara cin juna. Amurka ta ɗanɗana wannan: daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon 1970, da jan ƙarfe ya yi tsada, an yi wa gidaje masu yawa wayarin da alminiyom, daga baya gobara ta riƙa tashi daga mahaɗu da soket.

Mugun abu game da mahaɗa mai zafi shi ne fis da bireka ba sa ganinta. Su yawan kwarara suke gadi, a nan kuwa kwararar ba ta wuce ƙa'ida ba. Hanci ne ke fara sani, wani wari kamar na kifi ko ƙonanniyar roba, sai kuma soket da ya fara canza launi. Shi ma fis ɗin ai siririyar waya ce da aka ƙera don ta riga kowa narkewa. Idan ya tsinke sau biyu, sai a ce ya cika fitina, a nemo zaren jan ƙarfe mai kauri a ɗaura a gurbinsa. Daga ranar wayar cikin silin ce ta zama fis ɗin gidan.

Mu koma kan lo karan. Abin da ya yi ƙasa a daren nan turi ne, kuma abin da ya ja shi ƙasa shi ne yawan kwarara. Bayan Magariba kowane gida ya kunna kayansa, kwararar da ke bin layin unguwa ta hau, turin da ke zubewa a kan wayar ya hau tare da ita. Gidan gindin taransifoma mita kaɗan wutarsa ta bi. Na ƙarshen layi kuwa ya gaji zubewar duk gidajen da ke gabansa. Unguwar da ta faɗaɗa aka yi ta ƙara falwaya ana ƙara waya a kan tsohuwar taransifoma dole ƙarshenta ya sha wuya. Ga dutsen guga da hita sunan lo karan ya dace: turi ya ragu, kwarara ta ragu, zafi ya faɗi warwas. A bolt 160 dutsen guga rabin zafinsa yake bayarwa. Amma ga firji da na'urar sanyaya ɗaki da injin rijiyar burtsatse labarin ya juye. Injin cikinsu yana da nauyin da dole ya juya, in turi ya gaza sai ya ƙara jan kwarara, in ya kasa tashi gaba ɗaya ya ja ninkin ba ninkin, naɗin wayar cikinsa ya gasu. Wato firjin da aka ce lo karan ta ƙona, karan mai yawa ce ta kashe shi. Uwargida ta yi gaskiya da ta ce a kashe.

Maganin da muka samo wa kanmu shi ne sitabilaiza, kuma tana aiki, ga mai ita. Sai dai ba ta ƙirƙirar wuta. Musaya take yi, ta ja kwarara mai yawa ta mayar da ita turi. Na'urar wat 1,500 a bolt 230 tana jan amfiya 6 da rabi. In layin ya sauko 150, sitabilaiza sai ta jawo amfiya 10 kafin ta ba da wat ɗin nan, zafin da wannan gidan ke haddasawa a layin unguwa ya ninka fiye da sau biyu, turin maƙwabta ya ƙara faɗuwa. Maƙwabci ya ga haka shi ma ya sayo tasa. Ga kuma al'adar canza layi: wayoyi uku ne masu wuta ke fita daga taransifoma, da an ga ɗaya ta fi haske sai kowa ya zare fis ya koma kanta, cikin rabin awa ita ma ta durƙusa.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne nisan da wutar nan ta taho lafiya kafin a ji mata ciwo a bakin ƙofa. Wadda aka samar a madatsar Shiroro ta jihar Neja tana hawa layin bolt 330,000 zuwa Kaduna, ta wuce Kumbotso a Kano, a sauke ta zuwa 132,000 ta biyo ta Kankiya ta shigo Katsina har Daura. Daga nan a yi ta sauke ta mataki-mataki, 33,000, 11,000, har ta zo taransifomar unguwa. Dalilin ɗaga turin haka shi ne lissafin Joule. Ƙarfin wuta turi ne sau kwarara, don haka in ka ɗaga turi za ka aika ƙarfi ɗaya da kwarara kaɗan. Da a ce da bolt 11,000 za a turo wutar daga Kano maimakon 132,000 a kan waya iri ɗaya, kwarara za ta ninka sau 12, asarar hanya ta ninka sau 144. A matakin ƙarshe, inda turi ya sauko 230, kwarara ta fi yawa, kuma a nan ne muke tsuke hannu wajen sayen waya.

Yanzu da sola ta cika rufin gidajen Katsina, lissafin nan ya shigo ɗaki da kansa, kuma a nan ya fi tsanani. Kayan wat 1,000 a bolt 230 amfiya 4 da ɗoriya suke ja. Wat 1,000 ɗin nan daga batir mai bolt 12 amfiya 83 ne, ban da abin da inbata ke ci. A waya iri ɗaya zafin ya ninka fiye da sau 350. Wanda ya haɗa batir da inbata da ragowar wayar 2.5 da ta saura daga wayarin, ko da mita ɗaya ce zuwa mita ɗaya dawowa, zai zubar da fiye da bolt ɗaya cikin 12, wayar kuma ta ɗauki ninkin abin da aka yi ta dominsa wajen sau uku. Inbata ba ta ganin batir, abin da ya iso bakinta take aunawa, sai ta hau kuka tana cewa caji ya ƙare alhali batir a cike yake. Da safe maigida ya ɗaura shi a bayan babur ya nufi wurin wanda ya sayar masa, rai a ɓace. Wayar 25 a wannan tazarar abin da za ta zubar kusan kashi ɗaya bisa goma na bolt ne. Shi ya sa masu haɗa manyan sola ke komawa bolt 24 ko 48, inda kwararar ke sauka zuwa amfiya 42 ko 21, kuma suke ajiye inbata kusa da batir har kamar za su taɓa juna.